Ku Tambayi Jikan Baduku: Takalmi, Ingarma da Kasuwa a Lokacin Yaƙi

Assalamu alaikum. A fitowar da ta gabata na faɗi a taƙaice cewa kakana baduku ne a cikin birnin Kano, kuma yaƙin Hitila ya same shi zaune a kan buzunsa da basilla a hannu. 'Yar wannan magana ta jawo wasiƙu da yawa, na ware guda biyar da suka dace da juna. Wani abin da zan faɗa daga karatu na same shi, wani kuma a zauren gidanmu na ji shi ina yaro ina murza wa tsoho zare. Zan riƙa bambanta muku su.

Malam, a aji kullum yaƙi ake karanta mana: Sarki wane ya fita, ya ci gari kaza, ya komo. Sai in ga kamar a ƙarni na 19 kowa ya ajiye sana'a ya rataya kwari da baka. Mai ɗinka takalmi fa, wa ke sayen kayansa a irin wannan zamani? Daga ɗalibin tarihi, Kano.

Ɗana, a watan Fabrairun 1851 Baturen nan na Jamus, Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya shigo Kano. Zamanin Sarki Usman ne, kuma ƙasa ba zaune take lafiya ba. Buhari na Haɗeja ya juya wa Sakkwato baya, Maraɗawa na kawo hari, Ningawa sun fara takura wa kudancin Kano. Duk da haka, da ya zauna lissafin abin da Kano ke yi da hannunta tana fitarwa, yana gama tufafi sai ya ambaci takalmi. Ya ƙiyasta cinikin tufafi a kan wuri miliyan 300 a shekara, na takalmi miliyan 10, ya kuma ce mafi kyawun takalmi a kan wuri 200 ake sayar da shi. Yi lissafin da kanka. Ko da duka masu tsadar ne, takalmi ƙafa dubu 50 ke nan, alhali mafi yawansu masu araha ne. Duk hannun mutum ya yanka su, hannu ya ɗinka, jakai da raƙuma suka fita da su ta hanyoyin da mahara ke tarewa.

Saboda haka kasuwa tana ci. Abin da ya kamata ka tambaya shi ne wa ke saye, kuma yaushe yake biya.

Baduku a lokacin yaƙi masu saye iri biyu gare shi. Akwai mai sarauta da barorinsa. Su ne masu babban aiki: kurufa, wato dogon takalmin hawa, da kuben takobi, da kwari, da ɗamarar sirdi, da layu rututu, domin ba mai fita fagen fama ba laya. Sai kuma talaka mai sayen fade, wato buɗaɗɗen takalmin fata, wanda tafiya ta kama shi babu shiri, zai bar ƙauyensu ya shigo cikin ganuwa, ko ya bar birni ya nufi inda ba a san shi ba. Na farko aikinsa da maiƙo amma sai an dawo ake biya. Na biyu ribarsa kaɗan ce, amma a nan take yake zube wurinsa a tabarma.

A gidanmu da asara aka gane wannan bambanci. Sarki Bello ya rasu a 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa Tukur ɗan Bello, 'ya'yan Sarki Abdullahi Maje Karofi suka ƙi, suka fice tare da ɗan'uwansu Yusufu zuwa Takai. Basasa ke nan. Kakana ya ce a lokacin kakansa ya karɓi aikin kurufa da kayan doki daga gidan wani mai sarauta da ke ɓangaren Tukur. Ya ciyo bashin jar fata a wurin majema, ya tara yaransa, suka kwana suna aiki da fitilar man gyaɗa. Aka kwashe kaya, aka ce a dakata sai ƙura ta lafa. A 1894 Alu, ɗan'uwan Yusufu, ya shigo Kano da Yusufawa, Tukur ya fita, ƙarshensa ya zo a Tafashiya a 1895. Mai sarautar nan bai sake taka birni ba. Kuɗin sun tafi, amma akwai abin da ya fi wannan ciwo: ba dama ma a ce ana bin bashin. Duk wanda ya buɗe baki ya ce yana bin gidan wane kuɗin kurufa, ya shaida da bakinsa cewa shi ya shirya mayaƙan Tukurawa. Tsohon ya haɗiye maganar. Majemi kuwa bai yafe nasa ba, domin shi ma wani ke binsa. Shekaru aka yi ana ɗinka fade ana kaiwa Kurmi kafin a sauke wannan nauyi.

Ka haɗa da cewa kafin Basasa da 'yan shekaru annobar bushiya ta share shanun ƙasar nan, a wajen 1891. Tafin takalmi kuwa ƙirgin saniya ne. Akuya tana ba ka saman takalmi, ja da karan dafi, baƙi da kuloko, amma ba ta ba ka abin takawa. In za ka rubuta tarihin dukawa na waɗannan shekaru, ka faro daga garken Bafulatani, ka bi ta majema da bagaruwarsu, sannan ka iso zauren baduku. Duk inda igiyar ta tsinke, a zaure ake jin jikinta.

Malam, ina da ingarma akawal da mutane ke kawo wa goɗiyoyi baye daga ƙauyukan da ke kewaye da mu. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yakan ce zamanin yaƙi shi ne kakar mai doki. Yanzu ga shi tsaro ya lalace, amma ni ban ga kakar ba, goɗiyoyin ma raguwa suke yi. Shin maganar tsoho ce ba daidai ba, ko zamani ne ya juya? Daga wani mai kiwon doki, yankin Maigatari.

Alhaji, Allah ya jiƙan mahaifi. Gaskiya ya faɗa, amma a kan wani mai dokin yake magana. Mai doki iri biyu ne: akwai wanda ke da ƙosasshen doki a turke yau, akwai wanda ke jiran dukushin da ba a haifa ba. Na farko yaƙi kan yi masa rana. Kai na biyun ne.

Ba a musun darajar doki a zamanin da. Sarautun Madaki da Shamaki ma a kan doki aka kafa su, ɗaya na jagorantar mahaya, ɗaya na kula da barga. Tun farkon ƙarni na 16 matafiyin nan Hasan al-Wazzan ya rubuta cewa Sarkin Barno na sayen doki ɗaya daga fataken arewacin Afirka a kan bayi 15 ko 20. Ban kawo wannan don alfahari ba. Mutane ne masu iyaye da 'ya'ya aka musanya da dabba, dokin kuma aka hau aka sake kamo wasu. Duk mai son doki irina ya kamata ya san wannan yana cikin tarihin abin da yake so.

To amma dubi yadda doki ke samuwa. Goɗiya tana ɗaukar ciki wata 11. Dukushi sai ya kai wajen shekara uku kafin ya ɗauki sirdi da mutum yadda ya kamata, balle a ɗora masa lifidi. Daga ranar baye zuwa ranar da dillali zai kama ragamarsa a kasuwa, shekara huɗu ake magana. Baduku yana yanka fade da hantsi ya sayar kafin la'asar. Mai goɗiya sai ya samu shekara huɗu na zaman lafiya a jere, da gero, da harawa, da dusa, da kanwa, da dare mai barci. Yaƙi kuwa ba ya ba da shekara huɗu.

Sannan ka san al'adarmu: ingarma ake hawa, sarauta ba ta hawa goɗiya. Saboda haka ingarmu suna cikin birni bayan ganuwa, goɗiyoyi suna ƙauye a hannun manoma, inda mahara ke fara isa. Kawuna, yayan mahaifiyata, ya riƙe ingarma a ƙauyensu gabas da Kano, kuma a wurinsa na ji yadda kakanninsu suka yi lokacin da Damagarawa suka kawo yaƙi har Gezawa a ƙarshen ƙarni na 19. Ya ce ba ingarma aka fara ɓoyewa ba, goɗiya mai ciki aka shigar har cikin gida bayan rumbuna, aka ɗaure mata baki da tsumma kada ta yi haniniya. Ingarma in ya tsira daga mahara ba lalle ya tsira daga hakimi ba, domin in sarki ya yi kiran yaƙi sai an fito da dawaki ko ta halin ƙaƙa. Ya ce in aka yi shekara biyu a haka, sai ka ga ƙauye guda ba dukushi ko ɗaya. Ga hanyar gabas ita ma ta rikice tun da Rabe ya ci Kukawa a 1893, alhali ta Barno manyan dawaki ke shigowa. Doki ya yi tsada, gaskiya ne, amma wanda ya ci tsadar shi ne mai sayar da abin da aka haifa tun kafin fitina.

Ina iya ganin ingarman kawun nan har yanzu. Aharas ne mai farin goshi. Bayan la'asar ake kawo goɗiya, in rana ta yi sanyi. Tun tana bakin gari yake jin ta, ya hau tono da ƙafar gaba yana zagaya turke. Kawu ba ya sakin sa sai ya zagaya goɗiyar ya dube ta da kyau, ya ɗaga wutsiya ya duba, ya tambayi mai ita yaushe ta haihu, yaushe ta fara nema. A yi mata dabaibayi a ƙafafun baya kada ta yi harbi, mu yara a kore mu bayan danga. In an gama sai a ja ta a yi ta zagaye da ita a hankali. Ladan kuwa ba kullum kuɗi ba ne. Wani damin gero yake kawowa, wani harawa in kaka ta yi. Sharaɗi ɗaya ne ba ya canzawa: in ba ta ɗauka ba, a dawo da ita ba ƙarin ko kwabo. Wannan ciniki gaba ɗayansa a kan alkawarin gobe yake tsaye, shi ya sa rashin tsaro ke fara kashe shi.

Abin da kake gani yau ɗan'uwan wancan ne. A 2015 sojoji sun hana hawa doki a jihar Barno saboda 'yan Boko Haram sun koma kai hari a kan dawaki, bayan an riga an hana babura a Maiduguri tun 2011. An rufe kan iyaka a watan Agustan 2019 har zuwa ƙarshen 2020, aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023. Kai da ke cin kasuwar Alhamis ta Maigatari ka fi ni sanin abin da rufe iyaka ke yi wa kasuwar dabbobi. Manomin da gero ya yi wa tsada, goɗiya yake fara sayarwa, domin tana ci ba ta noma kamar bijimi.

Shawarata, kada ƙarancin goɗiyoyi ya sa ka karɓi kowace aka kawo. Akwai cutar da doki ke ɗauka wajen baye, kuma lokacin da dabbobi ke yawo daga hannu zuwa hannu ba a san asalinsu ba, lokacin take yaɗuwa. In ka ga ruwa na fita ko kumburi, ka mayar da ita, ka kira malamin dabbobi. Ka sayi ɗan littafi ka riƙa rubuta ranar baye da sunan mai goɗiya. Wadda ba ta ɗauka ba takan sake nema bayan kamar mako uku. In da hali kuma, ka mallaki goɗiya ko ɗaya taka ta kanka. Ranar da hawa ya dawo da ƙarfinsa, za a nemi jinin akawal ɗinka, kuma a cikin goɗiya kaɗai ake ajiye shi.

Baba, kakana ya je yaƙin Burma. Kafin ya rasu yakan ce a soja ya fara sa takalmi sau-ciki, har ya dawo da shi gida ya rataye a ɗaka. Ina mamaki, ga Kano cike da dukawa, me ya sa ba su ne suka yi wa sojoji takalma suka yi arziki ba? Daga wata malamar firamare, Zariya.

'Yata, kakanki na cikin dubban 'yan Arewa da aka kwasa cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. Sun yi yaƙi da Japan a kwarin Kaladan da Arakan, suka shiga Myohaung a watan Janairun 1945, akasarinsu sai a 1946 suka ga gida. Tsofaffi Boma suke ce wa Burma. Da yawa daga cikinsu ma ba bindiga aka ba su ba, kaya suka ɗauka a ka cikin dajin da mota ba ta shiga. Mutumin da ya yi wannan tafiya, in ya rataye takalminsa a ɗaka, ya san abin da ya rataye.

Amsar tambayarki kuwa, takalmin soja na masana'anta ne, da inji ake yin sa, lamba-lamba, dubbai iri ɗaya. Abin da Turawa ke so a wurinmu ɗanyar fata ce. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, fatar jar akuyar Sakkwato da ƙirgin shanu suka kama hanyar Ikko, kamar gyaɗa. Da yaƙi ya zo buƙatar ta ƙaru. Kakana ya ce mahauci ya daina kallon baduku, domin ɗan kamashon kamfani na tsaye a mayanka da kuɗi a hannu. Wato fatar da aka yi takalmin kakanki da ita, mai yiwuwa ta wuce ta ƙofar zauren kakana a kan jaki bai iya sayenta ba.

Ga kuma iyaka. Daga 1940 zuwa ƙarshen 1942 Nijar na hannun Faransawan da suka bi Jamus, Najeriya na hannun Ingila, saboda haka hanyar Damagaram da Agadas ta zama abar tsoro. Buzaye da Damagarawan da suka saba sarin takalmi suka ɗauke ƙafa, sai mai ƙarfin hali da ke bi ta daji da dare. Gishiri ya yi wuya, kananzir ya yi wuya, yadin kanti ya yi wuya. Daga 1942, bayan Japan ta ƙwace Malaya inda Ingila ke samun kuza da roba, aka shiga diban gwamna, ana kwasar samari daga ƙauyuka ana kai su haƙar kuza a Jos. Kakana ya ce a shekarun nan ya ɗinka wa iyaye mata da yawa fade mai kauri da laya, su ba ɗan da aka ɗiba. Wasu a kan bashi ya yi, kuma bai bi ba.

Inda ɗan sauƙi ya zo masa, ta sama ya zo. Tun ƙarshen 1940 ake harhaɗa jiragen yaƙi a Takoradi ta ƙasar Gana, su taso su sauka Kano, su wuce Maiduguri, Fort Lamy wadda yanzu ake kira Njamena, su bi ta Sudan har Masar. Kano ta cika da baƙin Turawa, na Ingila da na Amurka, masu albashi a aljihu da son tsaraba. Tsoho ya ajiye kurufa ya koma jakar hannu, da alabe, da tumtum, da silifa mai ado. Ya ce yaren da suka yi ciniki da shi yatsu ne. Baturen zai cire takalminsa ya taka takarda, kakana ya zana ƙafar da gawayi, ya nuna masa rana a sama, ya ɗaga yatsu biyu: jibi. Amma bai taɓa barin ɗayansu ya tafi ba tare da ya ajiye rabin kuɗi ba, domin wanda ya zo da jirgi jibi yana Khartum. Darasin kakansa ne bai manta ba.

Malam, ban da masu sayar da kaya, su wane ne ke samu a lokacin yaƙi? Daga wani tela, Gusau.

Malam tela, duk mai gyara. In sabo ya daina zuwa, tsoho ke yin daraja. Mai facin taya, mai gyaran keke, maƙeri, mai ɗinkin tsohuwar riga, mai sa wa takalmi sabon tafi. Sai masu yi wa baƙo hidima inda aka tara mutane ba iyalansu: mai wanki, wanzami, ɗan garuwa, mai tuwo, mai rubuta wasiƙa a bakin gidan waya.

Wannan na gani da idona ina ƙarami lokacin yaƙin basasar Najeriya, 1967 zuwa 1970. Bayan kashe-kashen 1966 'yan ƙabilar Ibo suka bar Sabon Gari, shaguna suka zama kufai, kuma da yawan masu gyaran mota da rediyo da ɗinkin takalmin zamani su ne. Yaran da ke yi musu aike suka wayi gari su ne masu gyaran. Mahaifina a lokacin ya fara taɓa takalmi sau-ciki, ya koyi aiki da gam da katakon da ake ɗora takalmi a kai. Bai taɓa kiran wannan sa'a ba. Yakan ce gurbin maƙwabci ne da aka zubar da jininsa, kuma da wasunsu suka dawo bayan 1970 ya je har Sabon Gari ya yi musu barka da dawowa.

Baba, ni mai ɗinkin takalmi ne daga Bama. Mun gudo a 2014 lokacin da aka ci garin, ban fito da komai ba sai almakashi da basilla a aljihu. Yanzu ina da rumfa a Maiduguri da yara biyu masu koyo. Wani ɗan kwangila ya zo ya ce in yi masa takalma ƙafa 200 na masu aikin tsaro na sa-kai, amma sai an biya shi zai biya ni. Jarina bai kai ba, sai na ci bashin fata da sol. Ina tsoro, ina kuma kwaɗayin aikin. Me ka gani?

Ɗana, sannu da ƙoƙari, Allah ya mayar da alheri. Na karanta wasiƙarka sau uku. Mutumin da ya tuna da basilla a ranar da kowa ke gudun ceton rai, baduku ne na gaske.

Ka karanta amsar da na ba ɗalibin Kano a sama, domin ɗan kwangilarka da mai sarautar da ya karɓi kurufar kakan kakana hanyarsu ɗaya, ko da shi mutumin kirki ne. Ba sai ya yi niyyar cutarka ba. Ya isa a canza wanda ya ba shi aikin, ko a ce takarda ta maƙale a wani ofis, ko a tura masu takalman wani gari. Shi zai ce maka ka yi haƙuri, mai fata kuma ba zai ce maka haka ba. Bashi hanji ne yana cikin kowa, amma a lokacin fitina a cikin ƙaramin mai sana'a yake ƙullewa.

Ban ce ka ƙi ba. Ka ce masa ya ba da kafin alƙalami da zai sayi fata da sol da gam gaba ɗaya, ya zama abin da ka sa a ciki guminka ne kawai. In ya ce ba shi da shi, ku raba aikin: ka yi ƙafa 20, ya biya, ka yi 20 na gaba. Kada kaya su bar rumfarka sai an biya na baya. Ku rubuta a takarda, da lambobin ƙafa da irin fatar da ranar karɓa, a gaban shugaban masu sana'arku na kasuwa da wani dattijo da shi ɗan kwangilar ke jin kunyarsa. Ka kuma tabbatar da idonka su wane ne za su sa takalman, ta bakin mai unguwa ko shugabanninsu da aka sani, domin a garin da ake yaƙi takalmi ƙafa 200 abin tambaya ne, kuma kai za a tambaya. In ya ji waɗannan sharuɗɗa ya fusata, ka gode wa Allah ka koma kan aikinka.

Sannan ko aikin ya tabbata, kada ka rufe ƙofa ga mai kawo silifa ta tsinke, da uwar da ke son takalmin makaranta kafin Litinin. Ka ware yaro ɗaya ya zauna musu. Su ne suka riƙe ka tun 2014, kuma su za ka tarar ranar da kwangila ta ƙare.

In ka shigo Kano sarin fata, ka zagaya Ƙofar Wambai da kanka maimakon aike, ka taɓa fatar ka lanƙwasa ta ka ga ko tana tsagewa. Ka biyo ta ofishin mujallar nan ka bar mini saƙo. Akwai wuƙar dukanci ta kakana da na ajiye, bakinta ya sirance saboda wasawa amma har yanzu tana raba ƙirgi. 'Ya'yana duk aikin ofis suke yi. Ina so ka ba wanda ya fi hannu a cikin yaran nan naka biyu.

Masu tambaya kan jima da rinin fata, na ga wasiƙunku, sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.